Tambaya ta Bakwai

Jama'a masu bibiyata, na ga saƙonninku. Wadda ta rubuto cewa ruwan ido ne ke damuna, na gode, Gwaggona ta riga ki faɗa tun bara. Wanda kuma ya ce in ba na son mutumin in turo lambarsa ya haɗa shi da ƙanwarsa, ka dakata ka karanta na yau tukuna, wataƙila ka fasa.

Ga waɗanda yau suka shigo, ga ni a taƙaice. Shekarata ashirin da bakwai, ni ce auta a gidanmu, kuma har yau Auta ake kirana duk da jikoki huɗu sun biyo bayana. Ina aiki a wata cibiyar binciken lafiya. Ni ba likita ba, ni ba nas ba, abin da Umma ta kasa yafe mini ke nan. Duk wanda ya tambaye ta aikina sai ta ce, "Tana dai ƙirga ƙwayoyi." Kuma ba ta yi ƙarya ba.

Ga abin da muke yi. Akwai maganin hawan jini iri biyu, sinadarin da ke cikinsu ɗaya ne. Na farko na wani babban kamfani ne, yana zuwa cikin kwali mai sheƙi. Na biyu na ƙaramin kamfani ne, a farar roba, babu ado. Kuɗin kwali ɗaya na mai sheƙin zai saya maka roba shida na mai arahar. Hukumar inshorar lafiya tana so ta san ko aikinsu ɗaya ne a jikin mutane, domin in ɗaya ne za ta daina biyan mai tsadar, abin da ya ragu ya ishi ƙarin marasa lafiya. Sai aka ba mu mutum ɗari shida da goma sha huɗu masu hawan jini, rabi suna shan wannan, rabi suna shan wancan. An mayar da ƙwayoyin kamanni ɗaya, an zuba su a roba iri ɗaya, wasu an rubuta A, wasu B. Mai sha bai san wanne yake sha ba, ni da ke miƙa masa ban sani ba. Amsar tana cikin wani ambulan a akwatin ƙarfen Farfesa, shugabarmu, sai ranar da aka gama za a buɗe.

Wata goma sha shida ina wannan aikin. Na san dattijon da ke ɓoye ƙwaya a aljihu don kada in gane bai sha ba. Na san tsohuwar da ke raba nata da maƙwabciyarta saboda zumunci, sai da na zauna na roƙe ta har sau uku. Na auna jinin mutane har ta kai ina kallon damtsen fasinja a motar haya ina ƙiyasta girman ɗamarar awon da za ta yi masa daidai. Saura sati shida a buɗe ambulan, kuma Farfesa ta ce sunana ne na biyu a rahoton, bayan nata. Wajenku wannan ba komai ba ne. A wajenmu da shi ake neman gurbin ƙaro karatu, kuma shi kaɗai ne abin da na taɓa ginawa da hannuna tun daga tushe.

To, sai mutumin. Yayata ce ta sa masa suna Mai Jaka, saboda ba a taɓa ganinsa babu baƙar jakar fatarsa ba, ko gaisuwar rashin lafiya ya zo tana rataye. Wakilin tallan magani ne, yana zaga asibitoci da kemis-kemis. Kamfanin da yake wa aiki kuwa, na san kun riga kun gane, na mai kwali mai sheƙin ne.

Ni ban nemo shi ba, Baba ne ya samo shi. Wata takwas da suka wuce suka haɗu a layin ganin likita, ya tashi ya ba Baba kujerarsa, ya ji hawan jini ke damunsa, ya buɗe jaka ya ba shi kwali biyu na samfur kyauta. Bayan sati ya zo gida duba jikin Baba, ni na kai masa ruwa. Tun daga ranar jikin Baba bai daina buƙatar dubawa ba.

Zan faɗa sau ɗaya, kada wani ya sake tambayata: ina sonsa. Yana sauraron magana har ta ƙare kafin ya sa baki. Yana jera takalmansa a bakin ƙofa kamar za a ɗauke su hoto. In na yi raha babu dariya a fuskata, shi kaɗai ke gane raha ce, sauran mutane haƙuri suke ba ni.

Gidanmu kuwa ya daɗe da aurensa, ni kaɗai ake jira. Kalandar falo tasu ce. Agogon bango nasu ne. Kofin shayin Baba, lemar Umma, maƙalin makullin gida, har ƙyallen da ake goge hannu a kicin, duk suna ɗauke da tambarin kamfanin, wata jar zuciya mai murmushi. In ka shigo falonmu sai ka ɗauka reshen kamfanin ne, kujeru ne kawai namu.

Me ya hana a yi, tunda ina so, ana so? Fom ne. Duk bayan wata uku kowa a ofishinmu sai ya cike wani fom mai tambaya goma sha biyu. Ta bakwai tana cewa: "Shin ke, ko mijinki, ko wanda aka yi muku baiko da shi, kuna da alaƙar aiki da kamfanin da ke yin ɗaya daga cikin magungunan nan?" A ƙasa akwati biyu, E da A'a. Duk wanda ya zaɓi E, ranar zai tattara kayansa daga binciken, sunansa kuma ya fita daga rahoto.

Na karanta tambayar nan ta fi sau ɗari. Ba ta ce wanda ke zuwa hira ba. Ba ta ce wanda ke kawo wa mahaifinki magani ba. Saboda haka sau biyu ina zaɓar A'a da zuciya ɗaya, a gida kuma ina ta jan ƙafa a kan baikon. Da farko na ce ina nazari. Daga baya na ce a bari Yaya ta haihu. Da ta haihu na ce rufin falo yana yoyo, bai kamata baƙi su gani ba. Mai Jaka ya turo kafinta washegari.

Na taɓa gwada faɗa wa Umma gaskiya. Ta saurare ni tana tsince shinkafa, da na gama ta ce, "Wato takarda ce ta hana ki aure." Na ce sati nawa ne kawai. Ta ce ita ma lokacin da ta auri Baba akwai takardu a duniya.

Ranar Talata na dawo da yamma, sanye da doguwar rigata ruwan toka wadda nake sawa ranar zagayen gidaje saboda ba ta nuna datti, ƙafata kamar ba tawa ba. Na tarar da falo babu labule ko ɗaya, rana ta shigo har kan kujeru. Umma tana tsaye a kan ƙaramin teburi, Gwaggo kuma, ƙanwar Baba, tana zaune da igiyar awo a wuya tana cin biskit.

Na ce, "Sannunku da gida. Sata aka yi?"

Umma ta ce, ba ta ko waigo ba, "Sababbi za a sa."

Gwaggo ta ce, "Zo nan in auna ƙugunki. Asabar manyan yaron nan za su zo, ƙarfe huɗu."

"Wace Asabar?"

"Asabar nawa kika sani a sati?"

Na ajiye jaka na wuce ɗakin Baba. Yana kishingiɗe da rediyonsa a kan ciki, gilashi a goshi. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya rage muryar rediyon da kansa, alamar ya san abin da ya kawo ni.

"Baba, sati shida kawai nake roƙo."

"Kin ce a jira Yayarki ta haihu. Yaron har ya fara yi wa mutane dariya."

"Wannan karon na gaske ne."

"Wato na baya ba na gaske ba ne." Ya sauko da gilashin kan hancinsa ya dube ni. "Auta, ni ba na yi miki dole. Da kin ce ba kya sonsa, da tuni na sallame shi. Amma kin ce kina so, shi yana so, ni kuma na gaji da haɗuwa da kawunsa a hanya ina duba agogo. Na ba su rana."

Daga falo Gwaggo ta ɗaga murya. "Wai ƙwayoyin nan in kin daina ƙirga su, gudu za su yi?"

Na koma falo. Na tsaya ta auna ni, ƙugu da kafaɗa da tsawo, tana cewa na rame, tana ɗora laifin a kan boko. Leshin da aka saya ruwan zuma ne mai ƙananan duwatsu, kuma in faɗi gaskiya ya yi kyau, abin ya ƙara ba ni haushi.

A ɗaki na ɗauki waya. Guruf ɗin gida ya cika da hotunan labule, Yaya ta sa zuciya goma sha ɗaya. Na tura wa Mai Jaka saƙo.

"Ka san da zancen Asabar?"

"Na sani, ranki ya daɗe. Tun jiya ban ci abinci ba don murna."

"Ka ci. Za ka iya roƙon kawunka a ɗaga zuwa bayan sati shida?"

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa.

"Kada ki damu da ofis. Komai zai daidaita."

"Ta yaya?"

"Ki dai yarda da ni."

Na yarda da shi. Ku rubuta wannan ku ajiye, domin ni ce nan mai gaya wa tsofaffi kada su yarda da abin da ba a auna ba.

Laraba ta wuce lafiya, na zaga gida goma sha tara, na samu ƙwaya huɗu a ƙarƙashin matashin wani. Ranar Alhamis da hantsi ina shigar da lambobi a kwamfuta, sakatariya ta leƙo ta ce Farfesa na nemana, kuma in rufe ƙofa in na shiga. A ofishinmu ba a rufe ƙofar nan sai in an yi mutuwa ko an rasa tallafi.

Farfesa mace ce 'yar ƙarama, ta kusa sittin, kullum cikin farin mayafi da takalmin roba, ba ta ɗaga murya saboda ba ta taɓa buƙatar hakan ba. Ta nuna mini kujera, ta turo mini takarda biyu a kan teburi.

Ta farko wasiƙa ce daga lauyoyin kamfanin zuwa ga kwamitin da ke sa ido a kan bincikenmu. Cikin ladabi mai yawa suka ce sun gano, cikin takaici, cewa jami'ar da ke awon marasa lafiya amaryar ma'aikacinsu ce mai jiran gado. Suka ce saboda tsoron kada a ce an yi wa maganinsu alfarma, suna roƙon a zubar da duk awon da ta yi. Ta biyu kwafin fom ne, amma ba namu ba, nasu. Ashe su ma suna da irinsa. Na ga cikakken sunana da rubutun hannun Mai Jaka da na sani, mai jingina dama, wanda ke rubuta mini "barka da hutawa" a jikin katin gaisuwa. A gurbin alaƙa an rubuta: wadda zan aura. Kwanan watan ya nuna wata biyu da suka wuce.

Farfesa ta ce, "Mutum nawa kika auna da hannunki?"

"Ɗari huɗu da ashirin, ranki ya daɗe."

"In aka cire su, saura ɗari da casa'in da huɗu. Da wannan ko ƙosai..." Ta tsaya, ta gyara. "Da wannan ba a yanke hukuncin komai. Sai a sake daga farko, kuma ba mu da kuɗin sakewa."

Na ce, "Amma su ne suka kai ƙarar kansu. In da alfarma, ai su aka yi wa."

"Ba sa buƙatar maganinsu ya ci. Ambulan ɗin can kawai suke so kada a buɗe. Duk shekarar da ya kwana a kulle, shekara ce da hukuma ke ci gaba da biyan mai tsadar." Ta haɗa yatsunta. "An yi baikon?"

"Ba a yi ba."

"Za a yi?"

"Asabar."

Ta ɗaga kai ta kalli fankar sama. "Sau biyu kin zaɓi A'a."

"Tambayar ta ce miji ko wanda aka yi baiko da shi."

"Na san abin da ta ce, ni na rubuta ta. Kin karanta ta kamar lauya. To su ma suna da lauyoyi, kuma sun fi ki albashi. Da kin shigo nan tun wata takwas kin ce mini ga halin da ake ciki, da na mayar da ke ɗakin kwamfuta, wani ya riƙa awon. Da sunanki ya koma na biyar, amma da yana nan, binciken ma yana nan."

Wannan maganar ta fi wasiƙar ciwo, domin gaskiya ce. Na fi son sunana a na biyu, shi ya sa na yi shiru. Ba wanda ya sa ni.

Ta ce, "Kwamiti zai zauna Litinin. Na'urar awon ita ke ajiye lambobinta da kanta, kuma ba ki san A daga B ba, da waɗannan zan yi faɗa. In ranar Litinin babu baiko, wasiƙar nan ta faɗi abin da bai faru ba, ina da inda zan tsaya. In akwai, ba ni da bakin magana. Ban ce ki fasa aure ba, ni ba uwarki ba ce. Rubuta mini bayanin yadda kuka haɗu, shafi ɗaya."

Ta miƙo farar takarda. Na laluba jakata na zaro biro, na cire murfi, na sunkuya. Sai na ga Farfesa ta kafe hannuna da ido. Na bi idonta da kallo. Jar zuciyar nan ce a jikin biron, tana yi wa Farfesa murmushi.

Ta buɗe aljihun teburinta ta ba ni nata.

Ban yi kuka a ofis ba. Na gama shigar da lambobin ranar, duka tamanin da uku, na sake duba su sau biyu. A motar haya ne hawaye suka zo, matar da ke kusa da ni ta ce Allah ya jiƙan rai, na ce amin don ba ni da ƙarfin bayani.

Na tura masa saƙo: "Ka zo gobe da la'asar. Gida, ba ofis ba."

"Ko ba ki ce ba zan zo. Maganin Baba ya kusa ƙarewa."

Ranar Juma'a gidan ya koma kasuwa. An rataye labulen, ruwan ƙasa masu geza. Gwaggo tana ba mai wankin kujeru umarni, Umma ta fito da farantan da tun ina firamare ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba. Ni na sa rigar gida shuɗiya mai aljihu biyu, na naɗe kwafin fom ɗin na sa a na dama.

Ya zo ƙarfe huɗu da rabi, cikin farar riga mai dogon hannu, an yi masa aski sabo, ƙamshinsa ya riga shi shigowa. Ya jera takalmansa. Muka zauna a baranda a kan kujerun roba, jakar a kan cinyarsa. Ya zaro kwali biyu na maganin Baba ya ajiye a tsakaninmu, ni kuma na zaro takardar na ɗora a kai.

Ya duba. Bai yi kamar bai gane ta ba, wannan kam na yaba masa.

"A ina kika samu?"

"Lauyoyinku suka aika wa kwamiti. Suna so a zubar da binciken."

Fuskarsa ta sauya, kuma na san ba wasa yake ba. "Duka? A'a. Ba haka aka ce mini ba."

"Yaya aka ce maka?"

Ya shafa ƙeya. "Manaja ne ya ga hotonki a wayata, ya tambayi inda kike aiki. Bayan kwana biyu ya kira ni ya ce ƙa'ida ce, sai na cike."

"Ka tambaye shi abin da za su yi da ita?"

Ya kawar da kai. A ciki Gwaggo tana faɗa a kan kumfar sabulu.

"Ya ce ke kaɗai za a cire. Wallahi bai ce binciken duka ba."

"Ni kaɗai."

"Ki saurare ni, ranki ya daɗe." Ya matso da kujerarsa, muryarsa ta yi laushi, irin wadda nake so. "Aikin nan yana cin ki. Kina yawo a rana gida-gida kina ƙirga wa tsofaffi ƙwaya, ki dawo ƙafa a kumbure. Na ga ai dama bayan biki hutawa za ki yi. An ba ni shiyya guda yanzu, da mota, da gida mai ɗaki uku. So nake in ba ki mamaki gobe. Don ke na yi."

Jama'a, da ƙarya yake yi da abin ya zo mini da sauƙi. Da na tashi na watsa masa ruwan kofin, ku kuma ku tafa mini. Amma har zuciyarsa yake faɗa. Ya zauna ya auna abin da zan rasa, ya ga bai kai a tambaye ni ba.

Na ce, "Wata biyu. Sau nawa na zauna a kujerar nan ina ba ka labarin sunana na biyu a rahoto?"

"Da yawa."

"Me kake ce mini?"

Ya sunkuyar da kai. "Allah ya nuna mana."

"Ka riga ka san ba zai nuna mana ba."

"Na ɗauka in kin ga gidan za ki huce."

Na ce masa ya tafi, zan neme shi. Ya tsaya yana jiran in ƙara wani abu, ban ƙara ba. Ya sa takalmansa, ya leƙa ya yi wa Umma sallama, ta bi shi da addu'a har bakin ƙofa. Kwalayen biyu ya bar su a kan kujera.

Na zauna kamar minti goma. Daga nan na shiga ɗakin Umma na buɗe ledar takardun asibitin Baba, na zaro takardar da likitansa ya rubuta masa tun farkon ciwon. Sunan sinadarin ne kawai a jiki, babu sunan kamfani. Na yafa mayafi na taka zuwa kemis ɗin bakin titi. Mai kemis ya karanta ya ce, "Wanne, mai kwali ko mai roba?" Na ce mai roba. Ya ce yau kuma, ina surukin naku? Na ce yana gaishe shi.

Baba yana zaune a bakin gado yana gwada hular da zai sa gobe. Na durƙusa, na ajiye farar robar a gabansa, kusa da kofin shayinsa.

Ya ɗauka ya juya ta, ya sauko da gilashi ya karanta. "Wannan fa?"

"Maganinka ne, Baba. Shi likita ya rubuta maka tun farko. Ni zan riƙa sayowa."

"Na yaron nan fa?"

"Yana baranda. A mayar masa."

Ya cire hular ya ɗora a gwiwa. Na faɗa masa komai, fom ɗinmu da nasu, wasiƙar lauyoyi, mutum ɗari huɗu da ashirin, har da laifina ban rage ba. Bai katse ni ba. Da na zo kan gida mai ɗaki uku ne kawai ya ɗan rufe ido.

Ya girgiza robar, ƙwayoyin suka yi ƙara. "Kin tabbata wannan yana aiki kamar wancan?"

"Yana da rajista, kuma sinadarin ɗaya ne. Amma in tabbacin da ake rubutawa a takarda kake so, yana cikin ambulan, saura sati shida. In aka yi baikon gobe, ba za a buɗe shi ba."

"Kina sonsa har yanzu?"

"E, Baba."

"Amma kin sayo wannan."

"E."

Ya daɗe yana kallona, irin kallon da ya yi mini ranar da na ce ba zan karanta aikin nas ba. Sannan ya buɗe murfin robar, ya zazzago ƙwaya ɗaya a tafin hannunsa, ya duba ta gaba da baya, ya mayar.

"To, Auta. Gobe ƙarfe huɗu dattawa biyar za su zauna a falon can. Ni zan faɗa musu, ko ke?"

Ban kai ga buɗe baki ba na ji motsi a bayana. Umma ce a bakin ƙofa, rigar leshin a rataye a hannunta, tela ya kawo har ta goge ta.

Ta ce, "Faɗa musu me?"